Ranar da Murfin Sarƙa Ya Yi Shiru

Matata ta yi yaji ne saboda tire. Gara in faɗa tun farko, don har yau in an tayar da zancen a garinmu sai a ce saboda keke ne. Keke bai yi mata kome ba.

Keken a Damagaram na saye shi, na hannu, da na dawo cin rani, 'yan shekaru bayan Nasara sun tattara nasu sun bar mana kumanda baƙin mutum a Tanut. Baƙi ne, mai nauyi kamar maraƙi, kuma yana da murfin sarƙa, wato gwangwanin nan da ke rufe sarƙa daga feda har tayar baya don kada ta ci wa mutum wando. A ƙasarmu ta Damargu keke ba ya ɗaukarka duk hanya. In ka samu fako ka hau, in ka faɗa rairayi ka sauka ka tura. Wannan bai dame ni ba. Murfin ne ya dame ni.

Notin da ke riƙe da shi ta gaba ya cinye haƙoransa tun kafin keken ya zo hannuna. Sai murfin ya karkato waje, duk juyin da feda za ta yi sai hannunta ya dake shi. Ƙwal. Sarƙa kuma ta goge shi daga ciki. Ƙarrr. Haka nake tafiya, jakuna suna kauce mini tun ban ɓullo ba. Na ɗaure shi da kaba, akuya ta cinye kabar. Na cusa tsumma, sarƙa ta haɗiye tsumman. Na zuba masa man gyaɗa, cinnaku suka tare a ciki da iyalinsu. Daga baya inda feda ke duka ya huje, rairayi ya riƙa shiga, ana niƙa shi a ciki kamar ana ɓarzar dawa.

Ramin nan ne na toshe da tiren. Na gwangwani ne, mai zanen furanni, cikin kayan ɗakinta, jingine da bango, ba a taɓa ɗora masa ko ƙwayar goro ba. Kuma ban ɗauke shi duka ba. Gefe na yanka, kamar faɗin tafin hannu, na kai wa maƙeri ya dasa mini, na mayar da sauran inda yake, yankan yana kallon ƙasa. Har gobe ina nan a kan bakana: tiren da ba a ɗora wa kome, ko an rage shi aikinsa bai ragu ba. Ita ba ta ga haka ba. Facin ma bai hana kukan ba, wata 'yar ƙara ya ƙara a ƙarshe. Ƙwal, ƙarrr, tin.

Ta tafi gidan uwarta, wani ƙauye bayan Gangara a kan hanyar Falanko. Kaka ce, gero cike da rumbu, babu mai daka mini. Ina cin tuwo a gidan yayana, matarsa tana ajiye mini akushi kamar tana ajiye wa kare. Baffana ya yi ta zuwa biko har ya gaji. Ranar da ya dawo na ƙarshe ya zauna yana cire ƙarangiya daga rigarsa, ya ce:

"Ubanta ya rasu, kawunta ke zama a zaure, amma shi bango ne kawai. Magana tana bayan zana, wurin tsohuwar. Ka je da kanka ka durƙusa. Ni gwiwata ta ƙare."

Surukar tawa kuwa ban san fuskarta ba. Shekara da shekaru ina auren 'yarta, kuma 'yar fari ce, kunyar ta fi tsanani. In na je gaisuwa sai in cire takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa gindin zana, kaina a ƙasa. Ita tana ɗaya gefen. In ce ina wuni, ta ce "mm". In ce ya gida, ta ce "mm". Abin da na sani nata ke nan, "mm" da ƙafafu, don zanar ta ɗage daga ƙasa kamar taki ɗaya na hannu, kuma farcen babban yatsanta na dama a tsage yake gida biyu. Ita ma ba ta san tawa fuskar ba. Ba ta bukata. Tun ina bayan gari take jin kekena, ta ajiye abin da ke hannunta ta shige.

Yayana ya ara mini farin wandonsa na sallah, mai faɗin ƙafa. Da zai miƙo mini bai saki ba sai da ya ce in sarƙata ta taɓa shi, in zarce daga can, kada in dawo. Shi ya sa na zaɓi ranar kasuwar Gangara, na biya wurin mai gyara.

Mutumin Damagaram ne, ya taɓa aiki a garejin gwamnati, saboda haka ba ya cewa murfin sarƙa sai kartar. Ya kifa keken a rumfarsa, ya kwance murfin, ya zazzage rairayin da zai ishi sahu guda taimama. Da ya juya cikinsa ya ga furanni sai ya dube ni.

"Kekenka ya yi aure ne? Na ga an yi masa jere."

"Gyara ka zo yi ko tambaya?"

Ya ɗora murfin a kan kututture ya bubbuga shi da guntun itace har ya miƙe. Ya yanko tsohuwar robar cikin taya ya naɗa a wuyan ƙarfen da noti ke kamawa. Ya ja tayar baya kaɗan don sarƙa ta daina lilo. Ya mayar da murfin, yana juya feda da hannu, kunnensa kusa da gwangwanin, inda ya ji gogayya ya danna da babban yatsa. Ya juya, ya danna, ya juya. Can sai na ga feda tana zagayawa, taya tana gudu, ban ji kome ba. Na zaci kunnena ne ya toshe.

"Notin nan ba shi da sauran haƙori," in ji shi. "Roba ce ke riƙe da shi, da ikon Allah. Kada ka ɗora nauyi a kariya, wurin goyon nan na baya. In ka ɗora, jikin keken zai riƙa motsi, ya kwance."

"To da me zan dawo da matata?"

"Ka fara samun ta tukuna."

Na bar gari da hantsi. Ban ji daɗin shirun nan ba, in faɗa maka gaskiya. Kaji ba su kauce ba. Wani jaki na kusa shiga tsakanin ƙafafunsa, ya waiwayo ya dube ni kamar ɓarawo. Wani mutum da muka yi cin rani tare na wuce shi na yi sallama, ya amsa mini irin amsar da ake yi wa baƙo.

Na yi nisa, rana ta fara zafi, sai na hangi wata tsohuwa zaune gefen hanya, ƙwarya a kusa da ita, ta ɗora ƙafar hagu a cinya tana tonon tafin. Ɗayar ƙafar tana cikin zane.

"Kai mai keke! Kai nake kira, ko kurma ne?"

Ni kuwa tun ina yaro ba na wuce tsohuwa ban taɓa ta ba. Kakata ce ta lalata ni. Na taka birki na ce:

"Amarya, me ya zaunar da ke a hanya? Miji ya kore ki?"

"Miji ya mutu ya huta da ni. Kai kana nema?"

"In kina da haƙoran tauna goro."

"Sun fi naka. Zo ka cire mini ƙaya, ango, ka bar surutu."

Ƙayar aduwa ce, ta shiga ta karye a ciki. Na tsuguna, na kama ƙafar, na sa hantsakin da ke rataye a wuyana. Ta zage ni, ta zagi aduwa, ta zagi matan ƙauyensu da suka taho tare daga kasuwa suka bar ta a baya. Na zaro ƙayar, tsawonta ya kai gaɓar yatsa. Ta gwada takawa ta kasa. Sai ta buɗe ƙwaryar, akwai fura da ta damo a kasuwa, ludayi ɗaya. Ta sha ta miƙo mini, na sha na miƙa mata, har muka ga gindin ƙwarya.

"Ina za ka?" in ji ta.

Namiji da farin wando ba ya cewa biko za shi. Na ce, "Falanko. Wani rago zan duba."

"Da wannan wandon? Ragon ne zai ba ka 'ya?"

Ta ce ƙauyensu a kan hanyata yake. Na tuna maganar mai gyara, na dubi tsohuwar, na ga ba ta fi damin kara ba. Na ce ta hau. Ta zauna a kariya a kaikaice, ƙafafunta ta hagu, ƙwarya a cinya, ta damƙi rigata kamar za ta yage ta. Fako ne mai kyau a wurin, muka miƙa.

"La ilaha illallahu! Ashe haka abin yake?" in ji ta. "Shiru kamar an ɗauki gawa. Ni na zaci duk keke kuka yake yi. Na surukina in ya taho, sai ka ce maƙera ce ta yi ƙafa."

Na yi dariya. Na ce akwai irinsu, mutane ba sa kula da abin hawansu.

"Kai dai bari. Wannan ba mutum ba ne. Ban taɓa ganinsa ba, amma an ce mini kansa kamar tulu. Ka san abin da ya yi? Tiren da na kai wa 'yata, wanda na saya tun tana goye na ɓoye a ƙasan adaka, shi ya sa almakashi ya yanka. Wai ya yi wa keke faci. Keke!"

Ban daina taka feda ba, don ƙafata ba ta ji abin da kunnena ya ji ba. Na sunkuyar da kai a hankali na duba ta hagu. Ƙafafu biyu suna lilo. Na san ta hagun, yanzu na sake ta. Ta daman ce ban gani ba sai yanzu. Ga farcen nan, gida biyu.

Keken ya yi wani layi, muka kusa shiga gonar wake.

"Kai! Za ka kashe amaryar taka tun ba a ɗaura ba?"

Na ce, "Mm."

Na shiga lissafin abin da na aikata. Na ce da ita amarya. Na tambayi haƙoranta. Na riƙe ƙafarta a hannuna. Na sha fura a gabanta, da ludayinta, har na lashe baki. Ko ɗaya daga ciki ya isa a yi ta ba da labarinsa a bakin rijiya har jikoki. Kuma na san abu ɗaya: in ta gane ni, ba za ta iya sake zama bayan zana in durƙusa mata ba. Hanyar da mace irin ta za ta wanke wannan kunyar ita ce in daina zama surukinta. Matata ba za ta dawo ba ke nan, ko da an ƙera mini tire na zinariya.

Ita kuwa bakinta ya buɗe.

"Ni fa na gaji da yarinyar. Ci kamar fara, barci kamar ta sha magani. Ga kuka. Shekaranjiya akuya ta ture gwangwani a bayan ɗaki, sai ga ta ta fito da gudu ba ɗankwali, wai ta zaci shi ne. Na ce ke, koma, ba ki da zuciya. Na faɗa wa ƙanena, ko ya zo da kansa a ce masa sai bayan sallah. Bari ya ci tuwon matar wansa ya ji yadda duniya take. Ka san yadda kekensa yake yi? Saurara. Ƙwal, ƙarrr, tin. Ƙwal, ƙarrr, tin."

Wallahi ko keken bai fi ta iyawa ba. Har ɗan jinkirin da ke tsakanin ƙarrr da tin ta san shi.

A nan ne na ji wani abu ƙarƙashin ƙafata ta dama. Tsik. Ƙarami, kamar ɓera ya taɓa kwano. Feda ta zagayo. Tsik.

Na sa diddige na danne murfin. Ba a taka feda da diddige a manne da gwangwani, sai na riƙa tafiya kamar gurgu, ƙafa ɗaya na aiki ɗaya na gadi. Da feda ta zagayo sai in yi tari. Ta sake zagayowa in sake tari.

"Ango, me ya same ka? Ɗazu bakinka kamar na maroƙi."

"Mm."

"Ko furar ce? Da ma na ce nonon ya kwana."

Tarin ya ƙare mini, na koma salati. Da ƙarfi nake yi, ina daidaita shi da juyin feda. Ta kama mini, ta ce ashe yaron kirki ne. Amma tsik ɗin yana girma, ya fara zama ƙal. Na tsaya na ce zan kama ruwa, da wata murya da na ƙirƙiro daga cikin hanci. Na bar ta a zaune, ƙafarta ɗaya a ƙasa, na zagaya dama na tsuguna, na zaro wuƙa na sa bakinta a notin. Na juya dama, ya juya. Na juya hagu, ya juya. Bai kama kome ba. Robar ta zame ta faɗi wani wuri a baya.

"A gindin keke kake kama ruwan?"

"Mm."

"Mutanen gabas dai sai a hankali."

Na cire hulata na cusa tsakanin murfi da ƙarfe. Na hau, na taka sau ɗaya, hannun feda ya fizge hular ya jefar a ƙasa. Na ɗauka na mayar a kai da baƙin mai a jikinta. Sai Allah ya kawo mini dabara. In ana tura keke, feda ba ta juyawa. In feda ba ta juya ba, babu mai dukan murfi. Na sauka na kama ƙahon keken na fara turawa, tana bisa.

Ta jira mu shiga rairayi. Babu rairayi. Fako ne shimfiɗe har iyakar gani, irin wanda mai keke yake roƙon Allah ya ba shi.

"Ɗan nan, nan fa ƙasa ce mai tauri."

"Gwiwa," na ce ta hanci.

"Gwiwa? Kai da za ka aure ni? Na fasa. Ko surukina ya fi ka, shi ko ba kome yana isowa."

Na tura. Rana ta zo tsaka ta wuce. Ƙarangiya ta kama ƙafar wandon har gwiwa, ban tsaya cirewa ba. Wani Buzu ya zo wucewa a kan raƙumi, ya dube mu daga sama, ya tambaya wane ne ba shi da lafiya, tsohuwar ko keken. Ta ce masa mai turawar. Ya yi mini sannu ya wuce. Ita kuma ta ci gaba da labari. Na ji yadda aka yi auren nawa daga ɗaya gefen zana. Na ji cewa ita tun farko wani mai raƙuma daga wajen Tenhiya ta so, marigayi ne ya nace. Na ji cewa goron da nake kai mata ƙwari ne a ciki. Na ji kuma cewa ranar da aka ce mata ina kwance da zazzaɓi, bara waccan, ba ta ci abinci ba, don wa zai riƙe mata yarinyar in tulun ya fashe. Duk na ce mm.

Har muka fara hango rumbunan ƙauyensu. Na ce a raina saura kaɗan. In sauke ta a bakin gari, in wuce kamar mai zuwa Falanko, in ɓuya a bayan wani tudu, in juya rigata, in shigo ta wata hanya. Wandon ne ban san yadda zan yi da shi ba, amma ta ƙarƙashin zana ƙafa kawai ake gani, sai in naɗe shi.

Ita dai zaman ya ishe ta. Labari ya ƙare, ango ya zama bebe. Ƙafarta mai lafiya tana lilo, tana lilo, sai ta taɓa fedar hagu da ke tsaye kusa da ita. Ta ɗan danna ta da yatsa. Feda ta yi baya. Abin ya ba ta sha'awa, ta sa ƙafa ta tura da kyau. Ina gani, hannuwana biyu suna kan ƙaho, babu abin da zan iya.

Ƙwal. Ƙarrr. Tin.

Na tsaya. Ita ma kome nata ya tsaya. Wata kurciya tana kuka can cikin gona, ban taɓa jin kurciya da kyau irin na ranar ba.

Sai ta sake sa ƙafa, a hankali, kamar mai taɓa maciji ta ga ko ya mutu.

Ƙwal. Ƙarrr. Tin.

Hannunta da ke riƙe da sirdi ya saki. Ta zame ta sauka, ta taka ƙafar ciwon ba ta ce wash ba. Ta ja mayafi ta rufe kai har fuska, ta juya mini baya. Ni kuwa ƙafafuna suka yi abin da suka saba, na cire takalmi na durƙusa a tsakiyar hanya, hannu ɗaya riƙe da keke don kada ya faɗi.

Akwai wata aduwa a gefen hanya. Ita ta fuskanta, da ita ta yi magana.

"Wani bawan Allah ya taimake ni yau. Mutumin Falanko ne, mai neman rago. Ban san shi ba, bai san ni ba."

Na ce, "Mm."

"Ya wuce tun ɗazu. Ba zai sake biyowa ta nan ba har abada."

"Mm."

"In ya gamu da wani a hanya, mai zuwa garinmu, ya faɗa masa: keken da ba ya kuka ba ya shiga garin nan. Mutum ya riƙa zuwa da muryarsa."

Ta ɗauki ƙwarya ta ɗora a ka. Ta yi taku kaɗan ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Kuma maganar akuya da gwangwani, ƙarya na yi."

Ta tafi tana ɗingishi. Ina durƙushe har ta shige tsakanin rumbuna. Na ƙara jira, don a ba ta lokacin wanke ƙafa ta zama surukata. Sannan na sa yatsa na zare notin gaba ɗaya na jefa a aljihu, na hau. Ban taɓa jin keken ya yi kuka irin na wannan shigar ba. Karnuka suka tashi, wani jaki ya tsinke igiya.

Kawun matata yana zaure, ya ji ni tun daga nesa ya shirya. Dattijo ne mai son magana, kuma an ba shi abin faɗa tun da safe. Na gaishe shi na durƙusa. Ya dubi hulata mai baƙin mai, ya dubi ƙarangiyar wandona, ya gyara zama.

"To, ka zo. Madalla. Ita dai mace, yaro, ba kayan gyaran keke ba ce. Abin da uwa ta tara wa 'yarta tun tana goye, ba a sa masa almakashi. Mu nan mun zauna mun duba, mun ga cewa maganar nan ba ta yau ba ce, ba ta gobe ba ce. Sai dai bayan sallah, in Allah ya kai mu, ka sake turo baffanka, sannan mu..."

Aka yi gyaran murya a bayan zana. Ya dakata. Aka sake yi, da ƙarfi. Ya tashi ya shiga. Na ji ƙus-ƙus, na ji ya ce "A'a, yaya, ke fa kika ce," na ji an katse shi. Ya fito yana sosa gemu, ya zauna, ya dube ni kamar na yi masa asiri.

"Wai ka ɗauki matarka."

"Bayan sallah?"

"Yanzu. Wai kafin la'asar ku bar garin."

"To maganar tiren fa, kawu?"

"Na tambaya. Wai wane tire."

Ko ruwa ba a kawo mini ba. Na matsa gindin zana don in yi godiya kamar yadda aka saba. Babu ƙafafu. An jawo tabarma an toshe ƙasan zanar.

Matata ta fito da ƙullin kayanta, fuska a murtuke, rabin kai an kitse rabi a tsefe, ta ɗaura ɗankwali a karkace. Ana tsakiyar yi mata kitso uwarta ta shigo ta ce ta tashi. Ba ta dube ni ba. Ta dubi keken, ta dubi murfin, ta yi tsaki, ta hau kariya.

Muka bar gari, yara suna bin mu. Nauyinta ya fi na tsohuwar nesa ba kusa ba, murfin kuma babu noti, sai ya samu sake. Mun wuce aduwar nan, mun yi nisa cikin fako, sannan ta yi magana. Sai da ta ɗaga murya.

"Me ka ba kawu?"

"Ban ba shi kome ba."

"To me ya sami Inna? Da safe ta rantse sai na yi sallah a gida. Ta dawo kasuwa tana ɗingishi, ta ce in tashi in bi mijina, wai mutum ne mai haƙuri. Kai ne mai haƙuri?"

"Haka aka ce."

Feda tana zagayawa.

"Don Allah malam, tsaya ka ɗaure abin nan. Kaina zai tsage. Ka yanka mini tire a banza, ko shirun ma ba a samu ba."

"Ba a ɗaure shi."

"Wa ya hana?"

"Innarki."

Na ji ta gyara zama a bayana.

"Inna? Yaushe kuka yi magana da Inna?"

Akwai gangara a gabanmu, inda kowane mai keke yake ɗaga ƙafa ya huta. Ni ban ɗaga ba. Na ƙara taka feda, murfin ya ɗauka da ƙarfi. Tana ta tambaya, ina jin bakinta yana motsi a bayan wuyana, na nuna mata kunnena na girgiza kai.